Zango a Bakin Shari: Inda Mai Iyali Zai Sauka

Kowace shekara, da zarar ruwan Shari ya fara ja da baya, hunturu ya kankama, sai ka ji magidanta a majalisun Njamena suna shawarar a kwashi iyali a fita bakin kogi a kwana ɗaya ko biyu, yara su ga ruwa da tsuntsaye, manya su huta da ƙurar gari da hayaniyar 'yan kilando. Shawara ce mai kyau, amma sau da yawa akan tsaya ne a kan wace mota za a shiga da wane rago za a yanka, a mance da babbar tambaya, watau a ina za a sauka. Mu ma haka muka yi a watan Fabrairu na 2025, ana saura 'yan makonni a kama azumi, kuma saura ƙiris abin ya zame mana nadama. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba 'yan'uwa labarin yadda ta kaya, ko wani ya amfana.

Sha'anin zango dai ba baƙo ba ne a wurinmu, don kuwa da yawanmu zango ne ya ajiye kakanninmu a ƙasar nan. Alhazai ne da fatake da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, suka nufi gabas ta ƙasa, suka ƙetare kogi ta Kusuri, suka sauke kaya da niyyar su huta su nemi guzuri, har zama ya miƙe. Shi kansa garin, wanda Faransawa suka kafa a 1900 suka sa masa suna Fort-Lamy, iyayenmu kuma suke ce masa Fallomi, da aka tashi canza masa suna a 1973 sai aka ba shi Njamena, kalmar da a Larabcin ƙasar nan take nufin "mun huta". Unguwar Ardeb Jumal kuwa, ma'anar sunanta tsamiyar raƙuma. A ayarin da, madugu ne shugaba, amma akwai jagaba, wanda yakan wuce gaba ya duba hanya da wurin sauka, ya nemi ruwa da ciyawa, ya gaisa da mai gari, kafin a sauke ko da mangala ɗaya. Wannan aiki na jagaba shi muka bari a yau, muna ganin kamar mota ta ɗauke mana shi.

Kogin da ke cika bayan an ɗauke ruwa

Abin da ya kamata a fara sani shi ne ba ruwan saman Njamena ne ke cika Shari ba. Damina a nan takan kama daga Yuni zuwa Satumba. Shi kuwa Shari daga ƙasar Afirka ta Tsakiya ya taso, Logon kuma daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, suka zo suka haɗu a gaban birninmu, daura da Kusuri. Ruwan yakan ɗauki makonni a hanya yana ratsa fadamu, saboda haka kogin ba ya kai ƙarshen cikarsa sai wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da mu nan mun riga mun fara mancewa da hadari. Daga nan sai ya riƙa sauka a hankali har zuwa bazara, tsibiran yashi su fito.

A 2022, da kuma 2024, ruwan ya wuce mita 8 a ma'aunin Njamena. Mutanen Waliya da sauran unguwannin gunduma ta 9, waɗanda ke zaune tsakanin kogunan biyu, ba sai an ba su labarin abin da ya biyo baya ba. Ambaliyar 2024 ta shafi kusan mutum miliyan 2 a faɗin ƙasar Cadi, ta kuma hallaka fiye da 500. Abin da wannan ya shafi mai neman zango shi ne, duk babbar cika takan sake fasalin gaɓa. Inda ka sani bara da tudu, bana ka tarar ruwa ya cinye gindinsa. Inda ka sani da yashi mai tauri, ka tarar da laka a ƙarƙashi. Kada wanda ya ce maka ya san wuri don ya taɓa kwana a can shekara uku da suka wuce ya isar maka. Lokacin fita kuwa daga Disamba ne zuwa Fabrairu. Daga Maris zafi ya fara, a Afrilu yakan wuce digiri 40, in kuma ruwa ya sauka hanyoyin ƙasa sun zama taɓo.

Hanyar Dugiya

Mu gida uku ne muka haɗu, manya bakwai, yara tara, har da Inna, mahaifiyar ɗayanmu, wadda ta ce ba za a tafi da jikokinta bakin ruwa a bar ta a gida ba. Mota biyu muka ɗauka. Ɗaya a-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda muke kira kat-kat. Ɗayar kuwa tsohuwar bas ce ta wani Alhajin unguwarmu, wanda ya cire mata kujerun baya, ya kai wa mai walda ya ƙera masa gado da ma'ajiyar kaya, ya ɗora tankin ruwa da farantin hasken rana a sama, har yara suka sa mata suna "ɗakin Alhaji". A Turai da Amurka irin waɗannan motoci masu ɗaki suna da filayen sauka na musamman a bakin tafkuna, inda za ka biya kuɗi a ba ka wuri, ka jona lantarki da famfo. Mu dai a hanyar da muka bi ba mu ga irin wannan ba. Wurin saukarka shi ne wanda ka zaɓa da idonka, kuma alhakin duk wanda ke cikin motar yana wuyanka.

Mun tashi ranar Asabar bayan sallar asuba, muka yi arewa, muka wuce Jarmaya inda matatar man da aka buɗe a 2011 take, sa'an nan muka bar hanyar Masaget muka kama ta hagu mai zuwa Dandi da Karal. Dugiya tana kimanin kilomita 80 daga Njamena, a bakin Shari, kuma ta daɗe da suna wajen baƙi masu zuwa shan iska da shiga kwalekwale. Da yake mu zangon kanmu muke so, sai muka saki kwalta muka bi wata hanyar ƙasa da ta nufi kogi, gonakin masakwa dama da hagu, wasu an girbe, wasu zangarniya ta nuna tana jiran lauje.

Wajen hantsi muka fito wani wuri da duk wanda ya gan shi sai ya ce a tsaya. Farin yashi shimfiɗe kamar an share, gangare mai sauƙi har bakin ruwa, koriyar ciyawa a gefe, ga inuwar giyayya. Kafin mu kashe mota yara sun dira sun nufi ruwa a guje, mata sun fara sauke tukwane, Alhaji kuma ya kutsa da bas cikin yashin don ta samu inuwa.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo ya taso daga inda yake gyaran koma, yana dogara wata doguwar gora. Da ya ji muna Hausa sai ya yi mana sallama da Hausa irin ta Kabi. Ashe mahaifinsa masunci ne da ya zo daga wajen Argungu, shi kuma nan aka haife shi.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannunku da zuwa. Alhaji, yini za ku yi ko kwana?"

"Kwana za mu yi, Baba, in Allah ya yarda."

"A nan? Da yaran nan?" Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, ku zo in nuna muku abu uku, in kun gani sai ku yi shawara."

Ya fara kai mu bakin ciyawar nan da ta ba mu sha'awa, ya nuna mana wata 'yar hanya da ta fito daga ruwa ta ratsa ta tsakiyar inda muka ajiye tabarmi. Layi biyu ne a jere da ɗan tudu a tsakani, kamar sawun ƙaramar amalanke, ga kuma kashi a warwatse a jikin ganye. Ya ce, "Wannan hanyar dorina ce. Da rana tana ruwa, da dare take fitowa kiwo, kuma ta inda ta saba fita ta nan take komawa. Ba ta cin nama, amma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa, sai dai wani ba shi ba." Dorina kuwa dabba ce da nauyinta kan kai kilo 1,500, kuma a tudu ta fi mutum gudu.

Sa'an nan ya ɗaga gorarsa ya nuna jikin giyayyar. Sama da hular Alhaji akwai wani layi inda launin ɓawon ya canza, ga busasshiyar ciyawa da tsummoki da leda maƙale a rassa. Ya ce, "Nan ruwa ya tsaya a kakar da ta wuce. Duk inda kuka ga giyayya ta yi yawa, gidan ruwa ne. Saman ya bushe, amma ƙasan bai bushe ba." Na ukun shi ne ya fi tsorata matan. Ya shiga ruwa taku ɗaya, bai kai masa gwiwa ba. Ya miƙa gorar gaba kaɗan ya nutsa ta, sai da ta shige duka ba ta taɓa ƙasa ba. A daidai wurin ne yaranmu suke wasa minti goma da suka wuce. Inna ba ta ce komai ba, ta dai kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta zaunar da su a gabanta.

Maganar Baba ta biyu ba ta daɗe ba ta tabbata. Da Alhaji ya tashi juya bas, sai ƙafafun baya suka fasa ɓawon yashin suka nutse cikin laka har gindi. Sai da muka sauke kaya duka, muka zubar da rabin ruwan tanki, muka rage iskar taya, muka yi haƙa da shebur, muka shimfiɗa katako, a-kori-kura ta ja daga kan tudu da doguwar igiya, samarin ƙauye suka tura, kafin ta fita. Azahar ta yi mana a wurin.

Gaisuwa wurin bulama

Baba ne ya raka mu wurin bulama, watau mai garin. Muka kai goro da sukari da ganyen shayi, muka faɗi ko mu su wane ne, daga wace unguwa, mutum nawa, kwana nawa za mu yi. Bai tambaye mu ko sisi ba. Ya sa ɗansa ya kai mu wani tudu mai jigawa a bayan lambunan gari, kusa da wasu tsamiyoyi, inda ana hango ruwa sarai amma sai an yi tafiyar taku kamar 200 kafin a kai gare shi, kuma ana jin kiran sallar garin. Ya nuna mana kwatar masunta, da inda mata ke wanki, da mashayar da Larabawa da Fulani ke gangaro da shanu, ya ce kada mu tare ko ɗaya daga ciki. Bayan haka biyu daga cikinmu suka je suka sanar da jandarmomi, da katin shaida da takardun motoci.

Wannan sanarwa ba ta ganin dama ba ce. Daga Njamena har zuwa tafki, Shari shi ne iyakar Cadi da Kamaru, watau gaɓar da kake hangowa a ƙetare wata ƙasa ce. Tun bayan hare-haren bam da aka kai Njamena a 2015 aka tsananta tsaro a kan kogin. Baƙin motoci biyu da fitilu a bakin iyaka cikin dare, ba wanda ya san da zuwansu, suna iya jawo wa kansu abin da ba su nema ba. Haka kuma kada a yarda mai kwalekwale ya sauke yara a ɗaya gaɓar da sunan yawo, kada kuma a ɗauki hoton gada ko shingen sojoji. In akwai baƙo daga Nijeriya ko Nijar a cikin tafiyar, a tabbata takardunsa sun cika tun daga birni.

Daren ya yi sanyi ƙwarai. Wajen ƙarfe biyu muka ji gurnani daga ƙasa, mai kauri, kamar ana jan babban turmi a kan daɓe. Da gari ya waye muka gangara da manyan yaran don su gani da idonsu. Sawu ne manya masu yatsu huɗu, sababbi, na uwa da na ɗa, sun bi ta kan gurbin da muka haƙa jiya muna fid da bas, sun wuce ta daidai inda matan suka so kafa tantin yara. Da aka ba Inna labari sai ta ce, "Ku ƙara wa bawan Allahn nan sukari."

Ƙasa da inuwa da iska

Ga abin da muka tsinta daga wannan tafiya, da wanda muka ƙara ji daga masunta da direbobi. A nemi tudu mai jigawa wanda ya ɗara layin ambaliya, kuma layin yana rubuce a jikin itatuwa da bangayen gari ga mai dubawa. A guji baƙar laka mai tsagewa, irin wadda ake dasa masakwa a cikinta, don ko ta bushe tana karya ƙafar yaro da dare, ta kuma riƙe mota in ta jiƙe. Gonar mutane ce kuma, ko an girbe ba a bi ta kanta da mota sai da izini. A wajen lanƙwasar kogi, gefen da ruwa ke duka yakan zama gaɓa mai tsayi a miƙe. Dorina ba ta hawa ta nan, iska kuma ta fi kaɗawa, amma ruwa yana cin gindinta, tana iya zaftarewa ba sallama, saboda haka mota da tanti su ja baya sosai daga bakinta. Gefen da yashi ke taruwa ya fi kyaun gani, amma shi ne mai ramin da ba a gani. Kusa da birni ma abin ya fi muni, saboda masu haƙar yashin gini suna barin ramuka a cikin ruwa.

Inuwa ma sai an zaɓa. Tsamiya tana da inuwa mai sanyi, amma a duba ko akwai suri a gindinta ko zuma a samanta, don suri gidan maciji ne. Gawo yakan yi ganye da rani, sai dai dabbobi sun saba taruwa a ƙarƙashinsa, ga ƙaya ga kaska. Giginya kuwa ba a kwana ko ajiye mota a ƙarƙashinta, saboda 'ya'yanta masu nauyi ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kusan daga inda muke fuskanta in za mu yi salla, saboda haka a gindaya babbar mota ta wannan gefe ta tare wa tantuna iska, murhu kuma ya kasance a can ƙasan iska. A keɓe wa mata wurinsu da zana ko zane, a haƙa makewayi nesa da ruwa, a binne kafin a tashi. Mai tsohuwa ko mai ciki a cikin tafiya ya duba cewa ba sai an hau ko an gangara ba kafin a kai makewayi da wurin alwala. Gidan sauro wajibi ne ga kowa ko da ana sanyi, don bakin ruwa ba ya rabuwa da sauro, kuma a kakkaɓe takalma da safe saboda kunama.

Ruwan sha da kifi

Ruwan sha daga birni muka ɗauko shi a jarkoki masu lita 20, kuma muna ba kowa shawara ya yi haka. In ya ƙare a nemi famfon gari, in babu a tace a tafasa. Dalili kuwa shi ne kurkunu, wanda da yawanmu suke zaton ya zama tarihi. Bayan shekara goma ba a ba da rahotonsa a Cadi ba, ya sake ɓulla a 2010, daga 2012 kuma aka fara ganinsa a jikin karnukan ƙauyukan bakin Shari, har a 2019 aka ƙidaya karnuka kusan 2,000 da suka kamu. Abin ya fi yawa a kudu, wajen Gelendeng da Buso da Sar, amma ƙa'idar ɗaya ce ko'ina. Kifi a dafa shi ko a gasa shi ya nuna har ciki, kayan cikinsa kuma a binne su da zurfi inda kare ba zai tono ba. Mu mun sayi karfasa da giwan ruwa a kwata da sassafe, kuma ba mu taɓa cin kifi mai daɗinsa a birni ba.

Sai kuma tsargiya, wadda ke sa yaro fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga wasu ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwa mai kwanciya mai ciyayi, ta shiga ta fatar mutum. Watau ɗan kududdufin nan da kogi ya bari a baya, wanda uwa za ta ga ba zurfi ta ce yara su yi wasa a ciki, shi ne ya fi haɗari ta wannan fuska. Mu bayan abin da muka gani, ɗebo ruwa muka riƙa yi daga famfon gari ana yi wa yara wanka a zango. Da aka shiga kwalekwale kuwa, babba ɗaya yaro ɗaya muka yi, da matuƙin da bulama ya sani, kuma da rana tsaka. Tun kafin a sauke kaya a tambayi inda asibiti mafi kusa yake, a kuma gwada waya a ga ko tana kamawa a wurin.

Ga masu mota mai ɗaki

Mota mai ɗaki ta fi ta haya nauyi, ga tanki ga gado ga kaya, kuma yawancinsu da ƙafa biyu suke ja. Kada direba ya shiga wurin da bai taka da ƙafarsa ya soka sanda ba. A ajiye ta a ƙasa mai tauri, hancinta yana duban hanyar fita, yadda in rashin lafiya ta taso cikin dare ba sai an yi ta juyi ba. A tafi da mota biyu in da hali. A riƙe shebur da katako da igiyar ja da famfon taya da safaya biyu, saboda ƙaya. A sha mai a cika tun daga birni. A isa wurin sauka kafin la'asar don a ga ƙasa da hasken rana, tafiyar dare kuwa a bar ta sam.

Akwai kuma wani haɗari da sanyi ke jawowa. Kada a shigar da garwashi ko a kunna gas cikin rufaffiyar mota ko tanti don jin ɗumi, domin yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci ya zarce. A yi girki a waje, a ƙara bargo. Mu tukunyar gas muka tafi da ita. Masu karatu za su tuna yadda gwamnati ta hana cinikin gawayi a Njamena a farkon 2009 don kare itatuwa, kuma saran ɗanyen itace a bakin kogi abin kunya ne ga baƙo, balle ya haɗa ka da ma'aikatan gandun daji. Shara kuma duk wadda ba ta ruɓewa a dawo da ita gida, don leda in saniya ta haɗiye ta tana kashe ta, mai saniyar kuwa ba zai mance da motar da ta zubar ba.

To, bakin tafki fa?

Da yawa za su ce tun da an kai Dugiya me zai hana a ƙarasa Tafkin Cadi. Gaskiya ne hanyar ta wuce har Dandi da Karal, inda duwatsun Hajar al-Hamis suke, ɗaya daga cikinsu mai siffar giwa, abin da ya cancanci yaro ya gani. Tafkin kansa kuwa, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogin da ke shiga cikinsa daga Shari da Logon yake zuwa, ba shi da tsayayyar gaɓa. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya mai da shi kusan kashi ɗaya cikin goma na haka, a shekarun ruwa kuma yakan sake malalowa ya rufe gonaki. Bakinsa fadama ce da ciyayi da sauro, ba wurin da mota mai nauyi za ta tsaya.

Abin da ya fi wannan shi ne tsaro. A Nuwamba 2015 an kafa dokar ta-ɓaci a yankin tafki saboda Boko Haram. A Maris 2020 an kashe sojojin Cadi kusan 100 a Bohoma, a Oktoba 2024 kuma kimanin 40 a Barkaram. Waɗannan wurare suna can cikin tafki nesa da Karal, amma ruwa ɗaya ne, kwalekwale kuma ba ya barin sawu. Shawararmu ita ce mai iyali kada ya kwana a bakin tafki. In ana son ganin duwatsun, a tambayi jandarmomi da mutanen gari a ranar, in sun ce lafiya a je da hantsi a dawo kafin la'asar. Mu da muka tambaya aka ce mana hanya lafiya, amma da muka dubi yawan yaran da gajiyar jiya, sai muka bar wa wani jiƙon.

Ranar Lahadi bayan azahar muka kwashe kaya, muka share wurin, muka binne toka, muka koma muka yi wa bulama sallama. Baba ya rako mu har bakin hanya, ya ba Inna ƙullin busasshen salanga. Alhaji ya ce masa, "Baba, baɗi ma nan za mu sauka, tun da mun san wuri." Sai ya yi dariya ya ce, "A'a, Alhaji. Baɗi ku fara zuwa ku same ni tukuna, mu ga abin da ruwa ya bari."

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda ya yi niyyar fita da iyali bana, ya naɗa jagaba tun daga gida, mutum ɗaya ko biyu da za su sauka su taka ƙasa, su dubi jikin itace, su gai da masunci, su kai goro wurin bulama, alhali yara suna cikin mota ba a buɗe ƙofa ba. Aikin rabin sa'a ne. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma kowa ya kwana lafiya shi ya so. Allah ya kiyaye mana zuri'a, ya kai mu wani hunturun lafiya, amin.